Kosmos ɗina ya fi ni tsawo amma ko huda babu, ina matsalar take?

Maman Nana (Garwa):
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah masu sanin shuka ku taimake ni, abin nan ya tsaya mini a rai. Bara na je Ngaundare gidan ƙanwar maigidana, na tarar tsakar gidanta cike da wani fure da ta ce kosmos ake ce masa, fari da ruwan hoda da ruwan goro, iska kaɗan sai ka ga duk suna rausaya. Bana ta aiko mini da irinsa ƙunshe a takarda. Na shuka a tsakiyar watan Yuni da ruwa ya zauna, a gindin katangar da ke kusa da ƙofar gida. Ni da kaina na haƙe wurin, na juye masa kashin kaji kusan rabin buhu. Da ya fito maigida ya kawo mini ragowar farin takin da ya saka wa masara, na barbaɗa masa sau biyu. Kwana biyar ya tsiro. Yau ya haura kwana 70, ya wuce kaina, kara ya yi kauri kamar na rama, ganye kore shar, amma ko huda ɗaya ban gani ba. Shekaranjiya da aka yi ruwa da iska rabinsa ya kwanta ƙasa. Nana kullum kafin ta tafi makarantar allo sai ta je ta buɗa ganyen ta duba. Me na rage masa?

Malam Idi mai lambu (Meskin, Marwa):
Wa alaikumus salam. 'Yata, ba ki rage masa komai ba, yawa kika yi masa. Farin takin nan na masara yuriya ne, kashi 46 cikin 100 ɗinsa sinadarin da ke sa ganye ne, shi kuma kashin kaji a cikin takin gida babu wanda ya kai shi zafi. Kin haɗa biyun a kan tsiron da ya saba da ƙasar bakin hanya. Kin taɓa ganin waken da aka shuka a kan juji? Yaɗo zai yi ta yi, harawa ta cika wuri, a zo roro a rasa ko tiya ɗaya. To haka naki ya yi. Kwanciyar da ya yi ma daga nan ne, don karan da taki ya tura cike yake da ruwa, ba ya da ƙwari.

Hajiya Babba (Ngaundare):
Gaskiyar Malam ke nan. Nawa a jar ƙasa yake, wadda ko tafasa ba ta so, bayan ɗakin girki inda tsakuwa ta yi yawa. Shekara shida ke nan ban taɓa zuba masa ko toka ba. Maman Nana turo mana hoton ganyen mu gani, don iri biyu ne ake yawo da su.

Maman Nana (Garwa):
Ga shi nan Hajiya. Yanzu da kika faɗa na lura ganyen ba ɗaya ba ne. Wasu siri-siri kamar zare, wasu kuma masu ɗan faɗi da yatsu-yatsu.

Malama Zainabu (Gidar):
To kina da duka biyun a haɗe. Mai ganye kamar zare shi masana ke kira Cosmos bipinnatus, shi ne mai fari da ruwan hoda da shunayya. Mai ɗan faɗin ganye kuma Cosmos sulphureus, furensa ruwan ɗorawa ko ruwan goro. Dukansu asalinsu ƙasar Meksiko ne da maƙwabtanta. Daga can aka kai irinsu Madrid, inda wani masanin tsirrai ɗan Sifaniya, Antonio José Cavanilles, ya raɗa musu wannan suna a 1791, daga kalmar Girkanci mai nufin tsari da ado. In ya buɗe ki ƙirga, yawanci fiffike takwas za ki gani a jere, tsakiyar kuma ba abu ɗaya ba ne, ƙananan furanni ne masu yawa a cure, su ne ke zama iri.

Na yarda da maganar Baba Idi, amma ina da tambaya ɗaya. A hoton nan na hango wani abu kamar fitila a saman katangar. Tana kwana a kunne?

Maman Nana (Garwa):
E Malama, fitilar sola ce. Da kanta take kamawa da magariba, ba ta mutuwa sai asuba. Saboda ɓarayin awaki muka saka ta.

Malama Zainabu (Gidar):
To ga matsala ta biyu. Kosmos yana cikin tsirran da ke auna tsawon dare kafin su yi fure. Dogon duhu wanda ba a katse ba shi ke sanar da shi lokaci ya yi. A Turai da Amurka rana tana kai awa 15 ko 16 a lokacin zafinsu, shi ya sa za ki ga a intanet suna kukan nasu ya ƙi fure sai ƙarshen shekara. Mu nan ba mu da wannan damuwar, don daga Ngaundare har Injamena yinin da ya fi kowane tsawo ba ya cika awa 13. Kowane wata aka shuka, darenmu ya ishe shi. Amma ke kin rataya masa haske a ka tun yana ƙarami, a wurinsa gari bai taɓa yin duhu sosai ba.

Malam Idi mai lambu (Meskin, Marwa):
Malama, ban musa miki ba, don abin da kika faɗa mun san shi a gona ko da ba mu san sunansa ba. Dawar gargajiya ko ka riga maƙwabcinka shuka da sati uku, kusan tare za ku fid da kai. Folere ma, yakuwar da ake zoɓo da ita, ba ta fure sai damina ta juya baya. Sai dai ni a nan takin na fi zargi. Na ga kosmos a ƙofar wani otal a unguwar Domayo a nan Marwa, fitilu a kansa, kuma yana fure.

Malama Zainabu (Gidar):
Haka ne Baba, haske ba ya hana shi gaba ɗaya, jinkirta shi yake yi, kuma akwai irin kanti da aka gyara don kada su damu da tsawon dare sosai. Amma nata irin gida ne da ake ta maimaitawa, ga fitilar dab da kansa. Ni dai a ganina a magance duka biyun.

Abban Sadik (Injamena):
Ku yi haƙuri zan shigo da abin da wataƙila ba zai yi wa wasu daɗi ba. Ni dai har ga Allah ban gane amfanin wannan wahala ba. A unguwarmu da kuɗi muke sayen ruwa wurin masu kura, in watan Afrilu ya kama zafi ya haura digiri 40 wani lokacin sai ka yi yini kana jiran bido, wato jarka, biyu. Wurin da za a saka wannan furen, in aka saka zogale ko kuɓewa ko lalo, yara za su sha miya. Rabin buhun kashin kajin da Maman Nana ta zuba, da tumatir ta ba wa da yanzu tana kyauta da shi. Fure ba ya shiga tukunya. Wannan al'adar masu ruwan famfo ce da gidajen Turawa, mu me ya kai mu?

Maman Nana (Garwa):
Abban Sadik, ina da zogale uku da kuɓewa da yakuwa a gidan, ban tuge ko ɗaya don fure ba. Yini nake a cikin gidan nan, daga murhu sai igiyar shanya sai katangar siminti. Ina son idona ya sauka a kan wani abu mai kyau. Ban ga laifin hakan ba.

Hajiya Babba (Ngaundare):
Babu laifi ko kaɗan ƙanwata. Ya tabbata a hadisi cewa Allah mai kyau ne kuma yana son kyau. Kuma wa ya ce ado baƙo ne a wurinmu? Iyayenmu da suka shuka lalle a bayan ɗaki, miya suke yi da shi? Jeren kwanon da ake yi wa amarya fa?

Malam Idi mai lambu (Meskin, Marwa):
Ɗana Abban Sadik, maganar ruwa da ka yi gaskiya ce, wanda bai taɓa sayen ruwa ba ba zai gane ba. Amma bari in gaya maka abin da ya sa ni, mai noman albasa, nake barin layin wannan fure a bakin fangali. In ka bar albasa ta yi kai don ɗiban iri, ba ta ƙulla iri mai kyau sai ƙwari sun yi ta sauka a kanta, ƙudan zuma da ƙudaje. Kabewa da kankana da gurji sun ma fi ta buƙata, don furen namiji daban na mace daban, in ba a ɗauko garin wannan an kai wa wancan ba sai ka ga 'yar kabewar ta yi rawaya ta faɗi. Kosmos furensa a buɗe yake kamar faifai, kowane ƙwaro yana samun wurin sauka. Da hantsi in ka tsaya kusa da layin za ka ji gunjin zuma. Akwai kuma wani ɗan ƙuda mai zanen rawaya da baƙi, mai tsayawa cik a iska kamar an rataye shi, mutane suna ɗauka zuma ne. Shi ruwan fure yake sha, amma tsutsarsa darɓa take ci. Ni na fi son in ciyar da shi da in ƙara sayen kwalbar magani.

Ruwa kuma, wanda ya shuka da damina ba zai ɗebi ko moɗa ɗaya ba. Marwa muna samun wajen milimita 800 a shekara, Garwa wajen 1,000, ku Injamena ba ku cika wuce 600 ba, amma duk a wata uku yake sauka, shi kuwa mai ruwan goron kwana 50 zuwa 60 yake buƙata daga shuka zuwa fure. Ka shuka a Yuli, Satumba ka ga abinka.

Abban Sadik (Injamena):
Na ji Baba, maganar kabewa ta shige ni don bara nawa haka suka yi ta zubewa. In da damina ne ba ni da ja. Amma da rani ina nan a kan bakana, ba zan sayi ruwa in ba fure ba.

Inna Asabe (Kuseri):
Ba sai ka saya ba ɗana. Ni a tsohuwar roba nake alwala a kan tukunyar shuka, ruwan wankin shinkafa ma can yake zuwa. Na wanki mai omo ne kawai ba na zubawa.

Alhaji Buba (Maiganga):
Salamu alaikum. Tun ɗazu nake karantawa, kuma abin da ya fi damuna ba wanda ya taɓo shi. Hajiya ta ce nata shekara shida yana fitowa ba taki. Malama ta ce daga Meksiko yake. To ku zo nan ku ga abin da baƙin tsirrai suka yi mana. Ciyawar da muke kira Bokasa ita ma daga nahiyar Amurka aka kawo ta, yau ta cinye makiyaya, shanu ba sa cin ta, ba ta barin ciyawar kirki ta fito a ƙarƙashinta. Ga dogon furen nan mai rawaya da ya rufe bakin hanyoyi, wanda masu Faransanci ke ce wa furen kishi, shi ma ɗan Meksiko ne kuma don ado aka fara yawo da shi. Kowannensu da ɗan ƙunshi a takarda ya fara. Ku da ke birni kuna ganin ado, mu da ke bin dabba mu ke kwana da abin.

Maman Nana (Garwa):
Subhanallahi. Alhaji ban taɓa tunanin wannan ba. Malama, haka ne?

Malama Zainabu (Gidar):
Tsoron Alhaji yana da tushe, kada kowa ya raina shi. Kosmos yana zubar da iri ya fito da kansa, kuma akwai inda ya tsere daga gidaje. A Afirka ta Kudu yanzu haka yana rufe bakin tituna da gefen gonakin masara a watannin Maris da Afrilu, matafiya suna tsayawa ɗaukar hoto, manoma kuwa ciyawa suka ɗauke shi. Labarin da aka fi sani a can shi ne irinsa ya shigo a cikin abincin dawakin sojojin Ingila lokacin yaƙinsu da Turawan Bowa, tsakanin 1899 da 1902.

Amma akwai bambanci da Bokasa. Ita Bokasa tana shekaru a raye, in an sare ta ko an ƙona ta sai ta sake tohowa daga gindi, irinta kuma mai gashi ne, iska ke ɗaukarsa ta kai nesa. Kosmos ɗan shekara ɗaya ne, in ya yi iri ya mutu ke nan, saiwarsa ba ta da zurfi, yaro ma zai tuge shi da hannu ɗaya, irinsa kuma yawanci a gindinsa yake zuba. A Marwa ko Kuseri, inda ake wata bakwai ko takwas ba ɗigon ruwa, da wuya ya yi nisa. Inda ya kamata a yi hattara shi ne wajenku, tudun Adamawa, mai ruwa wajen milimita 1,500 da sanyi.

Alhaji Buba (Maiganga):
To ai nan ɗin nake magana a kai. Wanda maciji ya sara in ya ga tsumma gudu yake. Ni roƙona ɗaya ne: wanda zai shuka ya tsare abinsa a cikin katanga. Kada a tuge busasshen a watsar a juji ko bakin rafi da irinsa a jiki. A ƙona shi.

Hajiya Babba (Ngaundare):
Alhaji na karɓi wannan, kuma zan faɗi gaskiya, na taɓa ganin 'yan ƙwaya sun fito a bayan katangata inda muke zubar da shara. Gobe in sha Allah zan sa a tuge su. Dama mai son fure da yawa ba ya barin iri ya nuna barkatai. Duk wanda ya yi yaushi ka katse shi, sai uwar ta sake turo wasu. In ka bar shi ya ƙulla iri, a ganinta ta gama aiki, sai furen ya ja baya. Ni guda goma kawai nake ɗaura wa zare in bar su don iri.

Ummu Haidar (Mokolo):
Don Allah tambaya, ana miya da ganyensa? Na ga wani bidiyo a Facebook suna ci ɗanye.

Malama Zainabu (Gidar):
Wancan ɗan'uwansu ne, Cosmos caudatus, a Maleshiya da Indunusiya ake cin ganyensa. Ba shi ne namu ba. Irin kanti kuma sau da yawa an shafe shi da magani, a kiyaye shi daga yara da kaji.

Inna Asabe (Kuseri):
Miya dai a'a, amma mai ruwan goron yana rini, wannan na yi da hannuna. Mu gidan marina muka tashi, da baban rini muka saba, shi ya sa duk abin da na ga yana ɓata yatsa sai na gwada shi. Na tara furen cikin ƙwarya guda, na zuba ruwa a tsohuwar tukunya na ɗora a wuta marar ƙarfi, ban bari ya tafasa sosai ba. Kafin rabin awa ruwan ya koma kamar an jiƙa goro. Farin ƙyallen auduga kuma tun daren da ya gabaci rinin na jiƙa shi a ruwan alif, irin wanda muke sa wa ruwan kogi ya kwanta, don in ba alif launin ba ya kama zare. Da na tsoma ya fito ruwan ɗorawa mai haske. Sai na jefa 'yar kanwa a sauran ruwan, nan take ya juya ya yi ja-ja kamar bulo, na tsoma wani ƙyallen. Kala biyu daga tukunya ɗaya. Rana tana cin sa a hankali, bai kai baba riƙo ba, a inuwa ake shanya shi. Jikata ta yi wa 'yar tsanarta zane da shi.

Malama Zainabu (Gidar):
Inna kin bi sawun mutanen Meksiko na da, su ma da shi suke rina rawaya tun kafin Turawa su je musu.

Maman Nana (Garwa):
Na gode ƙwarai, na ƙaru da abin da ban ma tambaya ba. Amma ku dawo da ni kan nawa. Yanzu in tuge su ne ko yaya?

Malam Idi mai lambu (Meskin, Marwa):
Kada ki tuge duka. Waɗanda suka karye ki cire. Sauran ki rage musu tsawo, ki yanke kashi ɗaya cikin uku daga sama, daidai saman inda ganye biyu suka fito, daga nan rassa za su ɓullo. Ki kafa kara ko gora ki ɗaure su da tsumma, sako-sako. In sun cushe ki rage, iska ta riƙa ratsawa. Taki kuwa ko na ƙwayar gero kada ki ƙara, ruwan sama zai wanke wanda ke ciki a hankali. Fitilar a juya fuskarta waje, ko a kare gefen da ke haska su da kwali.

Sannan ki sake sabuwar shuka yau ko gobe, kada ki jira baɗi. Garwa kuna da ruwa har farkon Oktoba, ya ishe ki. Ki nemi wurin da ya fi ko'ina rashin kirki a gidan, muddin rana tana dukansa aƙalla awa shida kuma ruwa ba ya kwanciya. Ki ɗan sosa ƙasar da fartanya, ki ja layi da yatsa, zurfin bai kai rabin gaɓa ba, ki jera irin ki rufe sama-sama. In kika binne shi da zurfi ba zai fito ba. Ki rufa tsohon gidan sauro ko ƙaya saboda kaji. In ya fito ki rage, tsakanin kowane biyu ya zama kamu ɗaya. Ya kai tsawon ɗani, ki sa farce ki tsinke kan. Zai yi miki kamar ɓarna, amma maimakon sanda ɗaya sai ki samu reshe biyar ko shida, kuma iska ba za ta kayar da shi ba.

Masu baƙar laka irin ta karal da muke dasa masakwa, wadda ke dararrashewa da rani ta riƙe ruwa da damina, su sai sun ɗaga kunya sun gauraya da yashin mayo, wato na rafi. Jiƙaƙƙen gindi na kwana biyu yana kashe shi.

Hajiya Babba (Ngaundare):
Ƙari a kan na Malam. Maman Nana ki fi ba mai ruwan goron ƙarfi, shi ne mai jure zafi. Mai ruwan hodan ɗan sanyi ne, shi ya sa yake jin daɗinmu a nan, muna sama da mita 1,000 a kan tudu. Ku da ke kwarin Binuwai ki ajiye irinsa sai Nuwamba, ki shuka ki riƙa ba shi ruwa duk bayan kwana biyu ko uku, zai yi miki fure cikin hunturu kafin zafin Maris ya sauko. In kin ga wani farin gari a kan ganye kamar an barbaɗa toka, cunkoso ne da laima suka jawo, ki cire ganyen da ya kamu, ki daina jiƙa shi ta sama da yamma. Darɓa kuma 'ya'yan darbejiya za ki daka ki jiƙa su kwana, ki tace ki fesa bayan la'asar sakaliya, lokacin da zuma ta koma gida.

Abban Sadik (Injamena):
Baba Idi, ni ma zan iya yanzu ko na makara?

Malam Idi mai lambu (Meskin, Marwa):
Ka makara ɗana, ruwanku ya kusa ɗaukewa. Tunda ka ce ba za ka ba shi na saye ba, ka bari sai Yuli, ka sa shi a gefen kabewar.

Maman Nana (Garwa):
Assalamu alaikum 'yan'uwa, na dawo da labari, yau 19 ga Oktoba. Ranar da Baba Idi ya yi magana na yi duk abin da ya ce. Maigida ya hau ya juya fitilar ta koma kallon titi. Sabuwar shukar a bayan ɗakin ajiya na yi ta, inda magina suka bar ragowar yashi da tsakuwa, ban sa mata komai ba. Wallahi da ina tsinke kawunansu sai da hannuna ya yi nauyi.

Tsofaffin sun fara huda bayan kamar sati uku, waɗanda ke nesa da inda fitilar take su suka riga. Sun yi fure, amma ganye ya fi yawa, kuma har yanzu sai da tokara. Sababbin kuwa ko cinyata ba su kai ba, amma a kwana na 51 na farko ya buɗe. Nana ce ta gan shi, ta shigo da gudu ko sallama babu, ta ja ni da zane. Ruwan goro ne, da raɓa a kansa, wata 'yar zuma ta riga mu isa, ƙafafunta duk sun yi rawaya. Yau da safe mun ƙirga 64 a buɗe. Malam-buɗe-littafi kuwa har cikin ɗakin girki suke shigowa. Ga hotuna.

Hajiya Babba (Ngaundare):
Masha Allah, tubarkalla! Ki shafa mini kan Nana. In za ki sa a kofi a ɗaki, da sassafe za ki yanka wanda ya fara buɗewa, zai yi miki kwana huɗu ko biyar.

Alhaji Buba (Maiganga):
Allah ya sa albarka. Kada dai a manta da alkawarin busasshen.

Maman Nana (Garwa):
Ban manta ba Alhaji, a murhu zai ƙare in sha Allah. Baba Idi, yaushe zan ɗebi iri? Mata uku a unguwarmu sun riga sun roƙa, kuma ina so in aika wa Abban Sadik nasa.

Malam Idi mai lambu (Meskin, Marwa):
Ki zaɓi masu kyau ki bar su. In fiffiken ya zube, tsakiyar za ta bushe ta yi baƙi ta baje kamar tsinke-tsinke, kina taɓawa za su zubo a tafinki. Da rana tsaka za ki ɗiba, ba da raɓa ba. Ki baza a faifai a inuwa kwana biyar, ki ƙunsa a takarda, ban da leda don tana sa shi gumi ya ruɓe. Ki rubuta launi da wata a jiki, ki sa a gwangwani mai murfi nesa da murhu. Zai kai shekara biyu zuwa uku yana fitowa. Na Abban Sadik ki ware masa mai ruwan goro zalla.

Abban Sadik (Injamena):
Na gode Maman Nana, Allah ya saka. Akwai ɗan'uwana direba da ke hawa Garwa zuwa Kuseri duk sati, zan turo miki lambarsa ta akwatin sirri. In ya iso sai a bar wa Inna Asabe, in na tsallako gada in karɓa.

Inna Asabe (Kuseri):
A kawo, zan ajiye maka. Maman Nana ki ƙara ƙunshi ɗaya nawa, furen da kike katsewa kuma kada ki zubar, ki shanya mini shi a inuwa ki haɗo da shi. Busasshen ma yana rini.